Ku Tambaya Mu Amsa: Duka a Gidan Aure, Wace Ƙofa Za a Fara Ƙwanƙwasawa?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan magana ɗaya suka zo: matan da ake duka a gidan miji, da yaran da abin ke shafa. Lauya mai aiki a kotunan shari'a da na majistare, da ma'aikaciyar jinya, da jami'ar jin daɗin jama'a ne suka zauna suka amsa. Mun cire sunaye da unguwanni.

Shekararmu shida da aure, yaranmu biyu. Mari da hauri na saba da su, amma ranar Talatar da ta wuce ya shaƙe min wuya har na ga duhu. Tun ranar muryata ta dishe, haɗiyar yawu ma da zafi. Na faɗa wa mahaifiyata, ta ce in yi haƙuri, aure ibada ne. Ta ina zan fara?
— Matar aure, Kano

'Yar'uwa, asibiti za ki fara, kuma yau, tun kafin a zo maganar zama ko rabuwa. Shaƙa daban take da mari. Hannu yana danne maƙogwaro da jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa fatar wuya ba ta nuna komai alhali ciki ya kumbura. Dishewar murya da zafin haɗiyar da kika faɗa alamu ne na rauni daga ciki. Idan kuma numfashi ya fara yi miki wuya, ko kin ga ɗigo-ɗigon ja a farin idonki, ko jiri da ciwon kai mai tsanani, ko wani ɓarin jiki ya yi nauyi, kada ki jira gari ya waye. Waɗannan sukan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma fiye. In kina da ciki, ki faɗa tun a wurin yankar kati domin a duba lafiyar abin da ke cikin.

Babban asibitin gwamnati za ki je, ba kemis ɗin bakin layi ba. Mai kemis zai ba ki maganin zafi, amma ba zai bar miki rubutun da kotu za ta karɓa ba. A gaban likita ki faɗi gaskiya. Nan ne mata da yawa ke ɓata shari'arsu da bakinsu: kunya ta sa su ce santsi ne ya kwashe su a banɗaki, likita ya rubuta haka a fayil, bayan wata shida lauyan miji ya ɗauko wannan rubutun ya karanta a gaban alƙali. Ki ce, "mijina ne ya shaƙe ni ranar kaza da ƙarfe kaza," ki roƙi likita ya rubuta hakan, ya kuma rubuta kowane rauni da inda yake da girmansa. Ki riƙe katinki da lambar fayil. Ko ba ki shirya kai ƙara yanzu ba, daga wannan fayil ɗin ne za a fitar miki da rahoton likita duk ranar da kika buƙata.

Hoto ma a ɗauka iri biyu: ɗaya daga nesa wanda fuskarki ta fito, ɗaya daga kusa da ƙwayar ashana ko murfin biro a gefen raunin don a gane girmansa. A sake ɗauka bayan kwana biyu, domin a baƙar fata shatin duka bai cika fitowa a ranar farko ba. Ki tura hotunan, da duk wani saƙon barazana da ya taɓa aiko miki ta WhatsApp, zuwa wayar wadda kika amince da ita, sannan ki goge daga taki.

Ga abin da ba za mu ɓoye miki ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da mijinta ko saurayinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai a kan wadda ba a taɓa shaƙe ta ba. Saboda haka ko da kin yanke shawarar ci gaba da zama, ki yi tanadi. Ki haɗa ƙaramar jaka ki kai ajiya gidan 'yar'uwa ko maƙwabciya: katin ɗan ƙasa, katin banki, takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu, takardar aure in akwai, maganin da kuke sha, kaya kala bibbiyu, da kuɗin mota. Ki haddace lambar mutum biyu a ka, don waya ce abu na farko da ake ƙwacewa. Idan faɗa ya tashi, ki guji kicin, inda wuƙa da taɓarya da tafasasshen ruwa suke, ki ja jiki zuwa tsakar gida ko kusa da ƙofar fita. Ki shirya wata alama da maƙwabciyarki, misali in kin aiko yaro ya ce "a ba Mama aron rariya" da dare, ta san a kira mutane. In kuma tafiya ta kama, kada ki yi masa shela. Lokacin da mace ta furta cewa za ta tafi yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Ki fita sa'ar da ba ya nan, da yaranki.

Maganar Mama kuwa, kada ki yi fushi da ita. Iyaye da yawa in sun ji "duka", mari ɗaya suke hangowa. Ki koma da takardar asibiti a hannu, ki nemi a zauna da waliyyinki, ki faɗi kalmar "shaƙa" ƙarara. Aure ibada ne, gaskiya ne, amma Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wani maƙwabci. Kusan duk mako sai mun ji ihun matarsa da kukan yara. Ina tsoron in shiga a ce na shiga sharo ba shanu. Mene ne nawa a ciki?
— Magidanci, Zariya

Malam, naka yana da yawa, sai dai kada ka faɗa gidan kai kaɗai. In ihun ya tashi, ka tayar da mutum biyu ko uku ku yi sallama da ƙarfi a ƙofa. Jin muryar maza a waje kaɗai yakan tsayar da hannu. In ka ji alamar makami ko an yi shiru farat ɗaya bayan ihu, ka kira 112 ko lambar caji ofis ɗin unguwarku, wadda ya kamata tun yanzu ta kasance a wayarka.

Da rana, iyalinka ce za ta yi magana da matar, ba kai ba, don kada mijin ya samu abin fakewa ya ƙara mata da zargi. Ta tambaye ta abin da take so a yi mata, kada a yanke mata shawara. Kai kuma ka riƙa rubuta ranaku da lokutan da ka ji abin a ɗan littafi, ka sanar da mai unguwa da liman. Amsar da ke biye za ta nuna maka cewa abin da maƙwabta suka ji yana da nauyi a gaban alƙali fiye da yadda kake zato.

Na yi yaji sau uku saboda duka, ana biko ana mayar da ni. Yanzu na ce ba zan koma ba, sai ya ce in biya shi sadakinsa da kuɗin lefe kafin ya sake ni. Ba ni da ko sisi. Haka shari'a ta ce?
— Wata baiwar Allah, Katsina

A'a, 'yar'uwa. An haɗa miki hanyoyi biyu ne aka nuna miki ɗaya.

Hanya ta farko ita ce khul'i: mace ta ce ba ta son zaman, ba tare da ta kafa wa mijin laifi ba, sai ta fanshi kanta da dukiya. Ta biyu ita ce raba aure saboda cutarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke hukunci da ita, matar da ta tabbatar da cewa mijinta yana cutar da ita tana da haƙƙin alƙali ya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya faɗi haka, har ya ƙara da cewa ba sharaɗi ba ne sai shaidu sun ce abin ya maimaitu. Kuma sakin da alƙali ya yi ta wannan hanya, miji ba shi da ikon yin kome, wato mayar da ke, a cikin idda. In yana son ki, sai da yardarki da sabon ɗaurin aure.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne ranar farko, a teburin magatakardan kotu. Mace ta zo a gajiye ta ce "ni dai na gaji, a raba mu," sai a rubuta ƙarar a matsayin khul'i, daga nan zance ya koma nawa za ta biya. Abin da za ki ce shi ne: "Ina ƙarar mijina, ina neman a raba aurenmu saboda cutarwa, yana dukana." Ki nemi a karanta miki abin da aka rubuta kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Duk kuɗin da kika biya na shigar da ƙara da na sammaci, ki karɓi rasit.

Sai hujja. Cutarwa tana tabbata da shaidu maza biyu adalai, ko kuma da labarin da ya yaɗu a tsakanin maƙwabta da masu shiga gidan har ya zama sananne. Tuhfatul Hukkam, littafin da ba ya rabuwa da teburin alƙalanmu, ya ambaci hanyoyin biyu. Wato ba dole ne shaida ya ga saukar hannu ba, ya isa amintattu su ce abu ne da unguwa ta sani. Amma ki lura da wanda za ki kawo. Ba a karɓar shaidar uba ko uwa don amfanin 'yarsu, ta ɗan'uwa ma sai in an san shi da fitaccen adalci. Mata da yawa sukan cika benci da danginsu, a watsar da shaidar gaba ɗaya. Ki nemi maƙwabta, da mai unguwar da aka sha kai wa ƙara, da dattawan da suka zauna bikon nan uku. Rahoton likita da hotuna su ƙarfafa maganarsu. In an taɓa yin sulhu a Hisba ko gaban hakimi mijin ya sa hannu cewa ba zai sake dukanki ba, ki nemo kwafin takardar, domin wanda ya ce "ba zan sake ba" ya amsa cewa ya yi.

Idan hujja ta gaza amma ƙorafi ya yi ta maimaituwa, alƙali yana iya sa a zaunar da ku kusa da amintattun mutane su lura da wanda ke cutar da wani, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni. Wannan yana cin lokaci. Kada ki fasa zuwa zama ko da an yi ta ɗagawa, don rashin zuwan mai ƙara yana sa a kori ƙarar. Ranar hukunci ki nemi kwafinsa a rubuce. In bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama, kuma wa'adinta gajere ne, galibi kwana 30.

Ga wadda ta riga ta biya: idan aka tabbatar daga baya cewa cutarwa ce ta tilasta mata yin khul'i, sakin yana nan, dukiyar kuma a mayar mata. Mata ƙalilan ne suka san wannan.

Lauyan kyauta kuwa, ki nemi reshen Ƙungiyar Mata Lauyoyi, wato FIDA, na jiharku, ko ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, wadda ta daɗe tana bin irin waɗannan shari'o'i a Arewa. Masu karatunmu Kiristoci da aka ɗaura musu auren rajista, tasu shari'ar rabuwar a Babbar Kotun Jiha take, ƙarƙashin dokar aure ta 1970.

Ya ce in na kuskura na fita, ba zan ƙara ganin 'ya'yana ba. Namijin shekararsa bakwai, macen huɗu. Abin da ya zaunar da ni ke nan.
— Uwar biyu, Gusau

Wannan barazanar ta zaunar da mata fiye da kowace sarƙa, kuma a shari'a ba ta da tushe. A Malikiyya, uwa ce ta fi cancantar riƙon yara bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Zancen cewa da an yaye yaro ko ya kai bakwai sai a mayar wa uba, al'ada ce, ba hukuncin kotunanmu ba. Ci da sha da sutura da magani da karatun yaran kuma suna wuyan uba ko da suna hannunki, gwargwadon ƙarfinsa, kuma alƙali yana yanka masa adadin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Riƙon yana faɗuwa ne da wasu dalilai, mafi yawan faruwa shi ne uwa ta auri wani wanda ba muharramin yaran ba. Ko a nan ɗin, ba uban ne ke biye ba, kakarsu ta wajen uwa ce a gaba.

A aikace, wanda yaran ke hannunsa ranar da aka shiga kotu ya fi samun sauƙi, shi ya sa muka ce ki fita da su. In ya riga ya ƙwace su, kada ki tura 'yan'uwanki su ƙwato da ƙarfi. Ki shigar da ƙarar neman riƙo nan take, kada ki bari watanni su shuɗe a ce kin haƙura da haƙƙinki. Ki haɗa neman riƙo da neman ciyarwa a lokaci ɗaya, ki zo da lissafi a rubuce: kuɗin makaranta na zango, abinci na wata, magani. Ki roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta asusun banki, don a samu shaidar watan da ya biya da wanda ya tsallake.

Jiya da yamma na gano ƙanin mijina ya lalata 'yata mai shekara tara. Uwar mijina ta ce a rufa asiri, a gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, kada a tona wa gida asiri. Hankalina ya tashi.
— Mahaifiya, Kaduna

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya. Mun amsa miki ta waya tun ranar da saƙon ya iso, muna bugawa ne saboda sauran iyaye.

A wannan lamari awa ake ƙirgawa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe dole a fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kullum har kwana 28. Yakan sa tashin zuciya da kasala a makon farko, a nan ne iyaye ke dainawa, kuma dainawar tana zubar da kariyar. In yarinya tana amai, a koma a faɗa, akwai abin da za a ba ta. Yarinyar da ta fara al'ada ko ta fara nuna alamun balaga ana ba ta maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, shi kuma iyakarsa awa 120. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, da rigakafin ciwon hanta, da allurar tetanus in akwai yanka.

Kada a yi mata wanka, kada a gasa ta, kada a zaunar da ita a ruwan bagaruwa. Gashin yana wanke shaida, yana kuma ƙona wurin da ya riga ya ji rauni. Kayan da ke jikinta a lokacin, har da ɗan kamfai da zanin gado, kada a wanke. A naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta ko babbar ambulan. Kada a sa a leda, domin leda tana riƙe danshi, abin da ake nema ya ruɓe. In an riga an yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, duk da haka a je. Akwai sauran magani, akwai kuma rahoto.

Inda za a je: akwai cibiyoyi na musamman da aka buɗe a cikin asibitocin gwamnati domin wannan, inda ake duba mutum a keɓe, a ba da magani, a yi masa nasiha, a rubuta rahoton da kotu ke karɓa, kuma kyauta. A jihar Kaduna sunansu Salama, akwai a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da kuma Kafanchan. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija a asibitin ƙwararru. Akwai irinsu a Dutse da Yola da Maiduguri da Minna. Inda babu, a je babban asibiti mafi kusa. Ba sai an fara biyawa ta caji ofis ba, magani ne a gaba, ma'aikatan cibiyar za su haɗa ku da 'yan sanda.

Yadda za ki yi da ita kanta yarinyar ya kai maganin muhimmanci. Kada a dake ta, kada a ce "me ya kai ki ɗakinsa". Ki ce mata, "na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa min." Kada a tara dangi kowa ya yi mata tambaya, kuma kada ki sa mata magana a baki, irin "Kawu wane ne ko?" Ki bar ta ta faɗa da kalmominta, ki rubuta su yadda ta faɗa, da rana da lokaci. Yaron da aka yi wa tambaya sau goma labarinsa yakan canza, lauyan wanda ake tuhuma kuma wannan canjin yake nema. Daga yau ba ta ƙara kwana a gida ɗaya da shi, sauran yaran gidan ma a lura da su, maza da mata. Kada a sa hotonta ko sunanta a Facebook da sunan neman adalci.

Fyaɗe ba laifin da ake kashewa a zaure da kuɗin magani ba ne. Ki tanadi takardar haihuwarta, don shekarunta suna cikin abin da za a tabbatar. Ki kuma san yadda tafiyar take, don kada ki karaya: 'yan sanda su kai shi kotun majistare a tsare shi, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a ba da shawara, sannan a gurfanar da shi a babbar kotu. A tsakanin nan ne fayil ke kwanciya in babu mai bibiya. Ki karɓi sunan ɗan sandan da ke binciken da lambar fayil, ki sa FIDA ko ma'aikatar mata ta jiha a cikin maganar tun farko. In likita ya ce bai ga yagewa ba, wannan ba ya nufin ba a yi ba, kuma likitocin cibiyoyin nan sun san yadda ake bayyana hakan a kotu.

Na kai ƙara wani caji ofis da karyayyen haƙori, aka ce min wannan maganar cikin gida ce, mu je mu sasanta. Shi ke nan ba ni da wata hanya?
— Malamar makaranta, Bauchi

Malama, wanda ya faɗa miki haka ya yi kuskure. Masu wannan magana sukan fake da sashe na 55 na tsohon kundin dokar laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya yi wa miji rangwame a kan "ladabtar" da matarsa. To ko shi wannan sashen bai rufe mummunan rauni ba, kuma kundin da kansa ya lissafa karya ƙashi ko haƙori a cikin mummunan rauni. Ban da haka, akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP. Ta fara aiki ne a Abuja, jihohi suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, Kaduna tun 2018, Bauchi da Jigawa da wasu suka biyo. A dokar tarayyar, dukan abokin aure yana jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira 200,000 ko duka biyun, korar mace daga gida da ƙarfi kuma har shekara 2. Kowace jiha ta yi wa tata gyare-gyare, don haka lauya ya duba miki ta jiharku.

Ki koma ki nemi ganin DPO da kansa, ki tambayi teburin da ke kula da mata da yara. In ba a saurare ki ba, ki rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan naki. Kina kuma iya shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare, alƙali ya umarci 'yan sanda su bincika. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofis a jihohi, tana karɓar koke kyauta, wasiƙarta kuma takan motsa fayil ɗin da ya kwanta.

Abin da ya kamata ki roƙa tun yanzu shi ne umarnin kariya. Takarda ce daga kotu da ke hana shi taɓa ki, ko zuwa inda kike zaune ko makarantar da kike koyarwa. A dokar tarayya, kotu tana iya sa a ƙwace makamin da ke hannunsa, ta sa ɗan sanda ya raka ki kwaso kayanki, kuma ana haɗa umarnin da takardar kamu da ke jiran ranar da ya saɓa. Ana iya ba da na wucin gadi tun kafin a ji ta bakinsa. Sai dai takarda ba ta tare ƙofa. Ki ba DPO kwafi, ki ba shugaban makarantarku da mai gadi, ki riƙe ɗaya a jaka, kuma ki kai rahoton saɓawar farko ko da saƙon waya ne.

Iyayena sun rasu, ƙanin babana ya ce ba shi da wurin ajiye ni da yara uku. Akwai gidan da ake karɓar irinmu?
— Marainiya, Jos

Akwai, amma kaɗan ne, kuma ba a zuwa a ƙwanƙwasa, da gangan ake ɓoye inda suke. Ana shiga ne ta hannun ma'aikatar mata ta jiha, ko cibiyoyin asibitin da muka ambata, ko hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, ko FIDA. Mataki na kusa da ke shi ne ofishin jin daɗin jama'a na sakatariyar ƙaramar hukumarku. Ki je da safe da yaran da takardar asibiti, ki faɗa musu ƙarara cewa ba ki da wurin kwana yau. Zaman na ɗan lokaci ne, makonni, kuma akwai ƙa'ida a kan waya da baƙi. Ki tambaya tun farko ko suna karɓar yara maza da suka fara girma, don wasu gidajen ba sa karɓa.

Kafin a samu gurbi a irin wannan gidan, kada ki raina tsohuwar hanya: gidan mai unguwa, ko liman, ko fasto, ko shugabar ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ko ta zumuntar coci, na kwana biyu ko uku. Ki zaɓi gidan da mijin ke jin nauyin shiga. Ki buɗe asusu da sunanki da lambar wayar da bai sani ba, kuma ki shigar da ƙarar ciyarwa a makon farko, don ita ce za ta riƙe ku bayan an sallame ku.

Mu da ke Nijar fa? Duk bayananku na Najeriya ne.
— Mai karatu, Maraɗi

Gaskiyarki, Hajiya. Maganar asibiti da awa 72 da tanadin jaka duk ɗaya ne. Ofisoshin ne suka bambanta. A wajenku ana kai ƙara kwamisariya ko jandarmari, su ba da takardar da za a kai wa likita, shi kuma ya rubuta takardar shaida da adadin kwanakin da raunin zai hana mutum aiki. Wannan adadin yana da tasiri a kan nauyin tuhumar, don haka a nuna wa likita kowane rauni. Lambar 'yan sanda 17 ce. Ana kuma iya rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na kotu, lamarin yara kuma akwai alƙalinsu na musamman. Wajen lauyan kyauta akwai hukumar ANAJJ da ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, sannan a Yamai akwai ƙungiyar SOS FEVVF, wadda aikinta ke nan, mata da yaran da ake cin zarafinsu a cikin gida. In an yi sulhu ko saki a gaban sarki ko malamai, a karɓi takarda a rubuce, a kai kotu ta tabbatar da ita kafin a fara maganar riƙon yara da ciyarwa.